Jadawalin Mahaɗa da Haƙƙin Mai Tahmisi: Tsokaci a Kan Dangantakar Jam'i da Jam'i a Rumbunan Bayanai

Duk wanda ya nazarci adabin Hausa na ƙarni na 19 ya san cewa idan aka tambayi mai waƙar Tabban Haƙiƙa, suna guda ba ya isar mai amsa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne ya wallafa asalinta da Fulatanci, 'yarsa Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, sannan ƙanenta Isan Kware ya yi mata tahmisi. Kowane ɗaya daga cikin mutanen nan uku kuma yana da hannu a wasu waƙoƙin, wani wuri a matsayin mawallafi, wani wuri mafassari, wani wuri mai tahmisi. A aji, malami yakan warware wannan cikin jimla biyu ya wuce. Amma ranar da wani sashen Hausa ko wata cibiyar adana rubuce-rubuce ta ƙudurta zuba abin da ta tara a rumbun bayanai na kwamfuta, tambayar takan bar hannun malami ta faɗa hannun mai tsara manhaja, wanda galibi bai taɓa jin kalmar tahmisi ba. Shi kuwa yakan amsa ta da layi ɗaya na umarni, kuma amsar da ya bayar ita rumbun zai riƙa maimaita wa duk wanda ya tambaye shi.

Matsayin wannan tsokaci shi ne, a duk inda dangantakar da ke tsakanin abubuwa biyu take ɗauke da ma'ana ta ilimi, bai halatta a bar ta a kan tsarin da manhaja ke samarwa da kanta ba. Wajibi ne a ware mata samfuri nata, kuma manazarta ne ya kamata su faɗi abin da za a sa a cikinsa tun kafin a shigar da suna ko guda. Domin a ga hujjar wannan, sai an ɗan leƙa yadda abin yake aiki.

Tun daga maƙalar da Edgar Codd na kamfanin IBM ya fitar a 1970, akasarin rumbunan bayanai sun ginu ne a kan jadawalai. Kowane jadawali yana riƙe da nau'in abu guda, misali mutane ko waƙoƙi, kowane layi abu ɗaya ne mai lambar shaida tasa, kowane gurbi kuma siffa ɗaya ce ta abin. Idan dangantaka ta tilo da jam'i ce, babu wahala: kwafen rubutun hannu guda yana ajiye a ma'adana guda, ita kuwa ma'adanar tana riƙe da kwafe masu yawa, don haka sai a ƙara gurbi a jadawalin kwafe a rubuta lambar ma'adanar. Matsala takan taso ne idan kowane ɓangare jam'i ne, wato waƙa ɗaya tana da mutane da yawa, mutum ɗaya kuma yana da waƙoƙi da yawa. A nan gurbi guda ba ya ɗauka, sai an kafa jadawali na uku, jadawalin mahaɗa, wanda kowane layinsa ke cewa mutum mai lamba kaza yana haɗe da waƙa mai lamba kaza.

Masu tsara manhaja a yau ba kasafai suke rubuta waɗannan jadawalai da hannu cikin harshen SQL ba. Suna amfani da wata manhaja da ke tsayawa tsakani kamar tafinta: su bayyana samfurin Mutum da samfurin Waƙa cikin harshen da suke aiki da shi, ita kuma ta fassara su zuwa jadawalai. Fitattu daga cikin irin waɗannan su ne Active Record da ke cikin Ruby on Rails, wanda ya fito a 2004, da tafintan da ke cikin Django, wanda aka saki a 2005 bayan an raine shi a gidan wata jarida a garin Lawrence na jihar Kansas ta Amurka, da kuma SQLAlchemy na 2006. Dukkansu sun tanadi gajeriyar hanya ga dangantakar jam'i da jam'i. A Django, mai tsarawa ya rubuta ManyToManyField kawai, jadawalin mahaɗa ya samu da kansa ba tare da an gan shi ba, mai gurbi uku: lambar layin, lambar wancan da lambar wannan. A Rails, umarnin has_and_belongs_to_many yana aiki ne da jadawali mai gurbi biyu rak, ko lambar shaida babu. Abin da wannan jadawali ya iya faɗa bai wuce "akwai alaƙa" ba. Wace iri ce, yaushe ta ƙullu, wa ya faɗa, duk babu inda za a rubuta.

Idan aka zuba Tabban Haƙiƙa a irin wannan tsari, layi uku za a samu masu kama da juna, Shehu da Nana da Isa duk sun zama "marubuta". Ɗalibin da ya nemi waƙoƙin Hausa da Shehu ya wallafa zai samu wannan a ciki ba tare da wata alama da ke nuna cewa Hausar ta Nana ce ba. Wanda ke nazarin salon Isan Kware ba zai iya ware waƙoƙin da ya ƙaga daga waɗanda ya yi wa tahmisi ba, alhali a tahmisi ɗango uku cikin biyar na kowane baiti na mai tahmisin ne, biyun kuma na wanda ya riga shi. Rumbun bai yi ƙarya ba, amma ya shafe bambancin da manazarta suka shafe shekaru suna fayyacewa, kuma ya yi hakan cikin kamannin tabbaci, domin abin da ya fito a allon kwamfuta yakan samu karɓuwar da rubutun alli ba ya samu.

Maganin ba sabo ba ne, kuma manhajojin da kansu sun tanade shi. Peter Chen, a tsarin da ya gabatar a 1976, ya riga ya nuna cewa dangantaka ma tana iya mallakar siffofi nata kamar yadda abubuwan da ta haɗa suke da su. Rails ya shigo da has_many :through a 2006, Django ya shigo da through a fitowarsa ta 1.0 a 2008, SQLAlchemy kuma yana da irin nasa. Ma'anarsu duka ɗaya ce: maimakon jadawalin ɓoye, sai mai tsarawa ya bayyana samfurin tsakani, a ce masa Gudummawa, mai nuni ga mutum, mai nuni ga aiki, sannan ya ƙara duk guraben da ake buƙata. Littafin jagorar Django ya buga misali da mawaƙa da ƙungiyoyin kiɗa, inda samfurin tsakani ke riƙe da ranar da mawaƙi ya shiga ƙungiya da dalilin gayyatarsa. Fasahar dai a shirye take. Abin da ya rage shi ne sanin guraben da za a ƙara, wannan kuwa ba ya cikin littafin jagorar kowace manhaja.

Gurbi na farko shi ne na rawar da mutum ya taka. Shaihu Umar ya isa misali: Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta shi, Mervyn Hiskett ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1967, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo a 1975, Adamu Halilu kuma ya ba da umarnin fim ɗinsa a 1976. Masana ilimin laburare sun daɗe da sanin wannan matsala, shi ya sa tsarin MARC na Laburaren Majalisar Dokokin Amurka yake da jerin alamomi na mawallafi da mafassari da edita da katibi da mai sharhi. Jerin yana da amfani, kuma ya kamata a jingina da shi domin rumbun ya iya musayar bayanai da sauran laburarori. Sai dai ba a tsara shi da adabin ƙasar Hausa a zuci ba. Mai tahmisi ba shi da gurbi na musamman a ciki, ballantana idan aka tsallaka zuwa waƙar baka, inda waƙa guda ke haɗa makaɗi da 'yan amshi da sanƙira da ubangidan da aka yi wa ita. Dangantakar Narambaɗa da waƙarsa daban take da ta Sarkin Gobir na Isa Amadu da wannan waƙar, ko da yake sunayensu biyu za su zauna a jadawalin mutane guda. Tsara wannan jeri da Hausa, da tsayar da iyakar kowace kalma a cikinsa, aiki ne na taron ƙara wa juna sani a sashe, irin wanda akan yi a kan keɓaɓɓun kalmomin nahawu. Kuma tilas jerin ya zama rufaffe, a zaɓa daga cikinsa. Idan aka bar gurbin a buɗe kowa ya rubuta abin da ya ga dama, wani ya sa "marubuci", wani "mawallafi", wani "mai waƙa", kwamfuta za ta ɗauke su abubuwa uku, an gudu ke nan ba a tsira ba.

Akwai wani ƙulli da ba a cika lura da shi ba. Jadawalin da Django ke samarwa da kansa yana ɗauke da sharaɗin cewa mutum guda da aiki guda ba za su haɗu sau biyu ba. A kan alaƙar da ba ta da launi, wannan sharaɗi daidai ne, yana hana maimaici. Amma Rupert East, wanda ya jagoranci Hukumar Fassara ta Zariya lokacin gasar 1933, shi ne ya tace littattafan da suka fito daga gasar, kuma shi ne abokin John Tafida wajen rubuta Jiki Magayi. A kan wannan littafi yana da rawa biyu, jadawalin kuwa layi ɗaya zai ba shi. Haka abin yake a rubutun ajami idan aka dace da kwafen da mawallafi ya rubuta da hannunsa, wanda shi ne mafi daraja a wajen mai tahƙiƙi: mawallafi da katibi mutum ɗaya ne, kuma wannan haɗuwar ita ce labarin. A samfurin tsakani, sharaɗin rashin maimaici sai a ɗora shi a kan abu uku, mutum da aiki da rawa, ta yadda East zai fito sau biyu a kan Jiki Magayi da rawa daban-daban, amma ba zai fito sau biyu a matsayin mawallafinsa ba. A nan ne kuma za a sa gurbin jeri, domin jadawali ba ya riƙe wanda ya zo farko a bangon littafi sai an ce ya riƙe.

Wurin da sakaci ya fi yin ɓarna shi ne dangantakar malami da almajiri, wadda tarihin ilimi a wannan yanki ya ginu a kanta. A nan ɓangarorin biyu duk daga jadawalin mutane suke, wato samfuri yana nuni ga kansa. Django, idan ba a gaya masa komai ba, yana ɗaukar irin wannan dangantaka kamar abota: in wane abokin wane ne, to shi ma wancan abokin wannan ne, sai ya rubuta layin sau biyu, gaba da baya. Shehu Usmanu ya yi karatu wajen Malam Jibrilu ɗan Umar. Mai tsarawa ya manta bai kashe wannan zaɓi ba, rumbun zai shaida cewa Malam Jibrilu ma almajirin Shehu ne. Kalma ɗaya ce ke gyara wannan, amma sai wanda ya san cewa silsila tana da sama da ƙasa ne zai tuna da ita. Ko an gyara alkibla ma, da sauran aiki. Abdullahi ɗan Fodiyo, a littafinsa Ida'un Nusukhi, bai tsaya ga jera sunayen malamansa ba, ya faɗi abin da ya karanta a wajensu. Ke nan dangantakar mai kusurwa uku ce, malami da almajiri da littafi, kuma malami guda zai iya karantar da almajiri guda littattafai goma. Idan aka so ƙara wanda ya ruwaito labarin karatun, shi ma mutum ne daga wannan jadawali, nuni ga mutane ya zama uku, sai Django ya ƙi ci gaba har a fayyace masa wane biyu ne ginshiƙan dangantakar. Ƙin nan nasa abin yabo ne, domin tambaya ce da manazarci kaɗai ke da amsarta.

Sai gurbin madogara, wanda a mizanin ilimi ya fi sauran nauyi. Jingina waƙa ga mawallafi da'awa ce, kuma da'awa tana da mai ita. Wata an samo ta daga baitin ƙarshe inda mawaƙi ya ambaci sunansa, wata daga bayanin da katibi ya rubuta a ƙarshen kwafe, wata daga kundin John Hunwick na 1995 a kan rubuce-rubucen tsakiyar Sudan, wata kuma daga bakin wani dattijo da aka yi hira da shi. Waɗannan ba ƙarfinsu ɗaya ba, kuma sanannen abu ne cewa akwai waƙoƙin wancan ƙarni da ake saɓani a kan masu su, musamman da yake sunan babban malami yakan jawo abin da ba nasa ba. Jadawali mai gurbi biyu yana tilasta wa mai shigar da bayani ya zaɓi ɗaya ya jefar da sauran, ko ya sa duka kamar sun yi tarayya wajen wallafawa. A duka halin biyu, saɓanin malamai ya ɓace, ɗalibin da aka ɗauka aikin wucin gadi ya yanke hukuncin da farfesoshi suka dakata a kansa. Samfurin tsakani mai gurbin madogara da gurbin ƙarfin hujja yana barin saɓanin ya zauna a matsayin saɓani.

Masu tsara manhaja suna da hujjarsu ta guje wa wannan hanya, kuma ba ta banza ba ce. Shafin gudanarwa na Django, wanda shi ne ke sa ƙananan ayyuka su kammalu da wuri, yana nuna akwatin zaɓi kai tsaye ga dangantaka mai sauƙi, amma da zarar an sa samfurin tsakani sai akwatin ya ɓace, sai an gina masa wani fom. Kafin fitowar 2.2 ta 2019, hatta gajerun umarnin ƙara alaƙa ba sa aiki da samfurin tsakani. Shigar da bayani yana ƙara cin lokaci, tunda kowace alaƙa ta zama tambaya huɗu ko biyar. Akwai ma haɗari na gaske ga ƙididdiga: tunda East yana da layi biyu a kan littafi guda, wanda ya nemi adadin littattafan da yake da hannu a ciki zai iya samun Jiki Magayi sau biyu in ba a umarci rumbun ya tace maimaici ba, kuma irin wannan adadi yana iya shiga kundin digiri ba tare da kowa ya farga ba. Haka kuma umarnin cire alaƙa tsakanin mutum da aiki yana kwashe dukkan layukansu lokaci guda, na mawallafi da na edita. Waɗannan matsaloli ne da gwaji da kulawa ke magancewa, kuma ana ganinsu idan aka duba. Bayanin da ba a taɓa rubutawa ba kuwa babu gwajin da zai fito da shi.

Gaskiya ne kuma ba kowace dangantaka ce ta cancanci wannan ɗawainiya ba. Haɗa maƙala da muhimman kalmominta, ko haɗa hoto da alamomin bincike, gajeriyar hanya ta wadatar. Ma'aunin mai sauƙi ne: idan manazarci zai iya yin tambaya a kan alaƙar kanta, wace iri ce, ko wa ya ce, ko tun yaushe, to tana buƙatar samfuri. Jigo ma, da ake ɗauka kamar alama ce kawai, yana faɗawa cikin wannan rukuni da zarar an tuna cewa akwai babban jigo da ƙananan jigogi, kuma manazarta biyu kan saɓa a kan wane ne babba. Haka kalma da karin harshe: Bargery, a ƙamusunsa na 1934, ya riƙa nuna yankin da ake amfani da kalma, amma mai gina ƙamus na yau zai so ya san wace ma'ana ce ta Sakkwato, wace ce ta Kano, kuma a wace shekara aka ji ta.

Wani ƙaramin amfani da ke tattare da samfurin tsakani ya shafi gogewa. Sunayen malamai sukan zo da siga fiye da ɗaya, Isan Kware a nan, Isa ɗan Shehu a can, Autan Shehu a wani wuri, har a wayi gari mutum ɗaya ya zama uku a rumbu. Mai gyara ya goge biyu, alaƙoƙin da ke rataye da su a jadawalin ɓoye su bi su. A samfurin da aka tsara da hannu ana iya sa sharaɗin da zai hana goge mutum muddin akwai gudummawar da ke nuni gare shi, sai an mayar da ita kan sunan da aka tsayar.

Amsar da aka fi ji idan an kawo wannan magana ita ce a fara da mai sauƙi, in buƙata ta taso a sauya. Ta fuskar fasaha ana iya sauyawa, ko da yake Django ba ya yarda a ɗora through a kan dangantakar da ta riga ta kafu kai tsaye, sai an bi wata hanya ta musamman da littafin jagorarsa ya keɓe wa sashe guda. Gwanin mai tsarawa zai gama wannan cikin yini. Abin da zai miƙo bayan ya gama shi ne tsohon jadawalin nan da sababbin gurabe, na rawa da na madogara da na jeri, dukkansu fayau daga layi na farko har na ƙarshe. Cika su yana nufin wani ya koma Gidan Arewa a Kaduna, da Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, da ma'adanar rubutun hannu ta Jami'ar Abdu Mumuni a Yamai, ya sake buɗe kowane kwafe ya karanta shafinsa na ƙarshe, a lokacin da kuɗin aikin sun ƙare, ɗaliban da suka shigar da bayanan kuma sun kammala karatu sun watse.